Ranar da Kaska Ta Ƙi Mai Tarko

Gidansu ne na ƙarshe a layin. Daga shi sai bola, sai wata matacciyar mota da ciyawa ta tsiro ta cikin tagoginta, sai daji. A gabanta mutanen layin suna ce mata Inna, in ta ba da baya kuma Uwar Kaska. Ta sani sarai, kuma bai taɓa hana ta barci ba.

Mijinta shi ne Mai Tarko. Da wayar birkin keke yake ɗana tarkonsa, irin mai kama ƙafa, guda talatin da biyu, kowanne ya san gindin bishiyar da yake. Yakan fita gari na wayewa, ya yanka abin da ya tarar da rai, ya dawo kafin rana ta take da zomo ko gafiya, in an taki sa'a gada. Daga bakin ƙofa aikinsa ya ƙare, na Inna ya fara.

A ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gida akwai dakali na siminti. Nan take shimfiɗa farin ƙyalle, tsohon zanen gado da wanki ya cinye har ya yi shara-shara, ta kwantar da dabbar a kai, ta ajiye gwangwanin madara cike da ruwan sabulu a gefe, da ɗan hantsakinta. Sannan ta zauna ta naɗe hannu. Baƙo sai ya ɗauka lalaci ne, alhali jira take yi dabbar ta huce.

Don dabbar daji ba ita kaɗai take zuwa gida ba, da jama'arta take tafe. Jiki na fara sanyi ƙuma za su fara tsalle, baƙi-baƙi a kan farin ƙyallen. Bayansu kwarkwata, su fito bakin gashi su yi cirko-cirko. Kaska ce ta ƙarshe, don ita akwai taurin kai. Sai ta tabbata babu sauran abin sha sannan ta zare baki daga bayan kunne ko hammata, ta gangaro a hankali, ta ɗaga ƙafafunta na gaba tana laluben inda ɗumi yake. Inna ta tsince su ɗai-ɗai ta jefa a gwangwani. Daga nan ta feɗe, ta duba ƙarƙashin fata ko akwai tsutsa kwance a cikin ƙulli, ta ɗaga hanta a hasken rana. In ta ga farin ɗigo-ɗigo ko wata 'yar jaka mai ruwa, sai a haƙa rami a binne, ko da kuwa ranar ba a ɗora tukunya ba.

Abin da Inna ke tsoro a duniya shi ne dabba mai tsabta. Masu sayen naman daji a wajen wasu maharba sukan biyo ta gidanta ta duba musu. Wata rana matar mai gyaran rediyo ta shigo da zomo tana washe baki, wai a dubi kyansa, ko ƙuma ɗaya babu. Inna ta busa gashin cikinsa, ta leƙa kunnen, ta miƙa mata abinta da yatsu biyu.

"Mayar wa maharbin. Mushe ya tsinta ya sa masa wuƙa."

"Haba Inna, ga yanka nan a wuya!"

"Yankan na gani, mutanensa ne ban gani ba. Wanda aka yanka da safen nan da jama'arsa yake zuwa. Wannan tun jiya suka watse suka bar shi."

A wajen mahaifinta ta koyi wannan duba. Majemi ne, fatun namun daji yake jima, mutum mara yawan magana wanda hannuwansa ba sa rabuwa da wari. Tana 'yar shekara tara aka kawo masa gada da rai, aka ɗaure a turke za a yanka washegari. Gada lafiya lau, idonta tar, sai fizgar igiya take yi. Da la'asar ya kira 'yarsa, ya nuna mata ƙasa da bakin sanda. Kaska ce ke saukowa daga ƙafafun gadar, a jere, manya da ƙanana, wasu ko rabin ciki ba su sha ba. Ba mai korarsu. Suka ratsa tsakar gidan suka nufi inda kare yake kwance.

"Sun ji abin da mu ba mu ji ba," in ji shi. "Ba mai cin wannan."

Washegari aka tarar da gadar ta mutu a tsaye, jingine da turke. Da ya feɗe ta don fatar, hantar ta narke masa a hannu. Ko gaskiya ne kaska na da wannan sani, ko abin dacewa ya yi kawai, ni dai ban sani ba, kuma 'yar autar Inna da ta yi karatu dariya take yi wa zancen. Amma Inna da idonta ta gani, kuma abin bai taɓa fita daga ranta ba. Kuskurenta shi ne ta ba Mai Tarko labarin tun suna ango da amarya. Shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ya fi ta yarda da shi.

Kullum bayan la'asar, in an gama da dabbobi, sai a zo kan maigidan. Ya tuɓe riga ya zauna a kan farin ƙyallen nan dai, ya ba ta baya. Ta bi ƙeya, bayan kunne, hammata, ƙugu, bayan gwiwa, har tsakanin yatsun ƙafa. Shekara arba'in da ɗaya, in dai da damina ne kuma ya shiga daji, ba ta taɓa tashi hannu wofi ba, don kaska na son mutumin nan kamar sun haɗa kaka. A nan suke hira, a nan suke faɗa, a nan suka yanke shawarar auren 'ya'yansu huɗu, yana kallon bango tana kallon bayansa. In ta gama sai ya ce, "Nawa yau, Likita?" Ta ce uku, ko biyar. Ya jawo gwangwanin ya leƙa, ya ce, "Madalla, da sauran shan ruwa. Ranar da kika duba ba ki samu ba, ki aika a yanko likkafani."

Wasa yake yi, amma ta san mijinta. Mutum ne da in ya yarda abu ya ƙare, to ya ƙare ke nan, ba ja-in-ja. Ranar da aka ce masa yayansa ba zai tashi ba, bai yi kuka ba, bai nemi wani magani ba. Diga ya ɗauko ya wasa don haƙa kabari, ya jingine ta a bakin ƙofa.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya sauka da wuri, ciyawa ta kai ƙugu, kaska ta yi yawan da kaji ma suka gaji da tsinta. Tun bazara ya ɗan rame, abinci sai ya tsakura ya ture, amma ya ce zafi ne. Ran wata Talata ya dawo da wandonsa duk kaska daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya zauna ya ba ta baya. Ta duba ƙeya, babu. Bayan kunne, babu. Ta bi ko'ina har yatsun ƙafa, ta sake dawowa daga farko. Fatarsa sumul, ko sabon cizo ɗaya babu. Sai ta kalli ƙyallen. Ga su nan suna saukowa daga bakin wandon, a jere, ba gaggawa. Suka kewaye diddigensa ba wadda ta taɓa shi, suka nufo gwiwarta.

Tsoro ya kama ta irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya a gaban turken nan.

"Nawa yau, Likita?"

"Tsaya mana, ban gama ba."

Ta mintsine shi da hantsaki a kafaɗa, ta ɗauki biyu daga kan ƙyallen ta jefa a gwangwani, ta ce biyu. Wannan ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi masa a kan aikinta.

Washegari abin ya fi na jiya muni. Ya ratsa ciyawar nan dai, ya dawo da zomo biyu cike da jama'arsu, amma shi ko a wandonsa babu ɗaya. Sun daina hawansa ma. Zomayen kuwa tun da hantsi ta gama da su ta zubar da ruwan, babu abin da za ta nuna masa. Sai ta ce bari ta zubo shara, ta fita.

A bakin bola akwai wata bishiyar zurma da ta fito da kanta. Duk wanda ya san 'ya'yan zurma ya san kamarsu ɗaya da kaskar da ta sha ta ƙoshi, zanen bayan, sheƙin, har da ɗan kan nan. Da su mahaifinta yake tsorata ta tana ƙarama. Ta tsinci ƙanana ta ƙulle a haɓar zani. Idon Mai Tarko ya yi rauni a 'yan shekarun nan, ruwan sabulu kuma ba ya nuna abu sosai. Ta mintsine shi a bayan kunne, ta saki ɗaya a gwangwani.

"Ɗaya ce yau, amma ta sha ta yi tim."

Ya leƙa, ya ce madalla. Ta watsa ruwan a bayan rumfa inda ta saba. Haka ta ci gaba, kullum ɗaya, kullum madalla.

Ana cikin mako na biyu Auta ta zo. A kantin magani take aiki a cikin gari, kuma bakinta ba ya ɓoye abin da idonta ya gani. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a gaban mahaifinta, ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa.

"Baba, idonka ya koma ruwan ɗorawa. Dubi wuyanka, dubi yadda rigar ke yawo a jikinka. Gobe asibiti za mu."

"Asibitin me? Tambayi uwarki, jiya ma ƙatuwa ta cire min. Jinin da kaska ke sha ba na mara lafiya ba ne."

"Baba, kaska ba likita ba ce! Ita ce ma ke sa wa mutane cuta. Inna, ki yi masa magana mana, kin yi shiru."

Inna ta ce, idonta a ƙasa, "Da dai ka je ɗin, Malam. Ai zuwa ba laifi ba ne."

Ya juyo ya dube ta. "Kin cire ko ba ki cire ba?"

"Na cire."

"To kin ji."

Auta ta tafi ranta a ɓace, ko ruwa ba ta sha ba. Inna ta zauna a kan dakali ta ga abin da ta yi wa kanta. Ita ta ɗana tarkon, ita kuma ta sa ƙafa. In ta faɗi gaskiya, diga zai ɗauko ya wasa, ya kwanta ya juya wa duniya baya. In ta ci gaba da zurma, ba zai taka asibiti ba, don ga hujjarsa kullum a gwangwani. Ta yi fushi da kanta, ta yi fushi da mahaifinta da ya kira ta ranar nan, ta yi fushi da mutumin da ke mayar da komai wasa. Amma da la'asar ta yi, ta sake kwance haɓar zani.

A kwana na goma sha takwas ta ce bari ta gwada da hannunta. Bayan azahar ne, rana ta fito bayan ruwan safe, kwanon rumfa na ta ƙas-ƙas. Mai Tarko na gyangyaɗi a kujera, shi da bai san barcin rana ba a da. Ga gafiya tana hucewa a kan ƙyalle, ga wata 'yar kaska ta gangaro, cikinta a lafe, da gani yunwa take ji. Inna ta ɗauke ta da tsinke, ta lallaɓa ta ɗora masa a gefen wuya, daidai inda jijiya ke harbawa.

Kaskar ta tsaya. Ta ɗaga ƙafafun gaba tana lalube. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi.

"Sha mana," in ji Inna cikin raɗa. "Don Allah ki sha."

Shekara arba'in da ɗaya tana cire su daga jikin nan, yau ga ta tana roƙon ɗaya ta kama. Kaskar ta yi taku biyu zuwa ƙeya, ta tsaya, ta juyo. Ta bi wuyan riga ta sauko kafaɗa, ta bi hannu har wuyan hannu, ta faɗo ƙasa. Ta ratsa simintin nan mai zafi kai tsaye, ba kwana, ta hau babban yatsan ƙafar Inna, ta wuce idon sawu, nan take ta kafa baki. Inna ta kai bayan hannunta ta taɓa kumatunsa. Da ɗuminsa, wallahi da ɗuminsa, yana numfashi a hankali, baki a ɗan buɗe. Ta koma bayan rumfa ta toshe baki da zani ta yi kukanta. Da la'asar ta saki zurma a gwangwani kamar kullum, washegari ma haka.

A kwana na ashirin Mai Tarko ya fita gari na wayewa. Rana ta take bai dawo ba. Azahar ta wuce. Inna ta fita bakin bola ya fi sau biyar, tana kallon hanyar da ke bi ta gefen matacciyar motar. Sai gab da la'asar ta hango shi, yana tafe yana hutawa, babu zomo babu gafiya. A kafaɗarsa wayoyi ne a naɗe. Ya shigo ya rataye su a ƙusar da ke jikin rumfa, ita kuma ta ƙirga da ido ba tare da ta so ba. Talatin da biyu cif.

Mai tarko ba ya barin tarko a ɗane in ya san ba zai koma ba, don kada dabba ta faɗa ta mutu a banza ba mai yanka ta. Ta kalli bakin ƙofa tana neman diga. Babu diga a wurin.

Ya ɗauki buta ya zagaya bayan rumfa zai wanke ƙafa. Can sai ta ji muryarsa.

"Likita, zo ki ga kaskarki ta tsiro."

Ta zagaya. A wurin da take watsa ruwan gwangwani ƙasa ta yi laushi, ga tsirrai nan sun fasa ta, jajayen kara, ganye bibbiyu, wasu har yanzu da ɓawon a kansu. Ya tsuguna yana nuna su da bakin buta.

"Bakwai sun fito. Saura goma sha biyu, suna tafe."

"Ka sani, Malam?"

"Idona ne ya tafi, kunnena na nan. Shekara arba'in ina jin kina jefa kaska a gwangwani, ban taɓa jin ta ce tsulum ba."

Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka zama faɗa. "To don me ka yi shiru? Don me ka kafa hujja da ni a gaban yarinya, ka bar ni ina ta ƙarya kamar mara hankali?"

Ya zuba wa tsirran sauran ruwan butar. "Na ga kina so ta zama gaskiya. Ni ma ina so." Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. "Ban wasa diga ba, kin dai gani. Kira Auta, gobe mu je asibitin nata. Amma yanzu la'asar ta yi, zo ki duba ni."

Ya zauna a kan farin ƙyallen ya ba ta baya. Ta bi ƙeya, bayan kunne, hammata, a hankali, ba ta tsallake ko'ina ba. Ƙasusuwan bayansa duk sun fito. Da ta gama ya ce, "Nawa yau, Likita?"

"Babu, Malam."

"To," in ji shi. Suka zauna a haka har rana ta sauka daga kan katanga.

A asibiti aka ce hanta ce. Auta ta tambayi likitan ko da an zo da wuri da an yi wani abu. Ya yi bayani mai tsawo, ya ce mai yiwuwa mako uku ba zai canza komai ba, mai yiwuwa kuma ya ɗan canza. Cikin duk bayanin nan "da wuri" kawai Inna ta ji, kuma shi take ji har yau. Mai Tarko ya yi kwana ashirin da shida ya rasu da hantsi, a kan farin zanen gado mai tsabtar da ba ta taɓa ganin irinta ba, kuma ba ta so ta ba ko kaɗan.

Cikin 'ya'yan zurma goma sha taran nan goma sha shida ne suka fito. Yanzu sun fi rumfar tsayi. Auta ta ce a sare su, 'ya'yan zurma guba ne ga jikoki na zuwa, sai Inna ta kewaye su da wayoyin tarko talatin da biyu ta ce ba mai taɓa mata su. Har yanzu ana kawo mata nama ta duba, har yanzu tana mayar da mai tsabta. Abin da mutanen layin suka kasa ganewa shi ne me ke kai tsohuwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar bayan bola kowace safiya da damina, ba takalmi, zani a ɗage zuwa gwiwa, ba itace take nema ba, ba ganye ba.

Da la'asar takan shimfiɗa ƙyallen ta zauna ita kaɗai, ta fuskanci bango, ta bi ƙeya da bayan kunne da yatsu, ta sauko har ƙafa. Jiya matar mai gyaran rediyo ta shigo ta tarar da ita a haka, ta tsaya daga bakin rumfa ba ta yi sallama ba. Inna ta samu ɗaya a bayan gwiwa, ta kafa baki sosai. Ta daɗe tana kallonta kafin ta sa hantsaki.

"Ɗaya yau, Malam," in ji ta.

Ta saki kaskar a gwangwani, ta kasa kunne. Ruwan bai yi ƙara ba.